Filin Lafiyarku: Ƙwayar cutar da ta daina jin allura

Wasiƙu uku za mu ɗauka a wannan fitowa, kuma ko da yake waɗanda suka rubuto su ba su san juna ba, ƙwayar cuta ɗaya ce ta haɗa su, wato wadda likitoci ke kira Staphylococcus aureus, jama'a kuma suka taƙaita sunanta zuwa sitaf. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya, mun kuma rage tsawon wasiƙun ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Gwaram a Jihar Jigawa. Wata biyu da suka wuce naƙuda ta yi wa maiɗakina tsanani, aka yi mata aiki a asibiti aka ciro yaro lafiya, aka sallame mu bayan kwana biyar. Kwana biyu bayan suna sai wurin ɗinkin ya kumbura, ya yi ja, ya soma fitar da mugunya. Na saya mata Ampiclox a kemis ɗin garinmu, ta sha kwana huɗu babu sauƙi, sai mai kemis ya ce a koma allura mai ƙarfi, ya yi mata guda biyar. Har na sayar da awaki biyu da buhun riɗi, ciwo sai gaba yake yi. Da muka koma asibiti likita ya buɗe wani ɓangare na ɗinkin, ya ɗebi mugunyar aka kai gwaji, bayan kwana uku takarda ta fito an rubuta MRSA, aka ce magungunan da muka yi ta saye ba sa kashe wannan ƙwaya. Surukata tana cewa rashin wankan jego ne, wasu kuma suna cewa hannu aka sa mata. Ina son in san mece ce wannan cuta, a ina ta same ta, shin jikinta ya daina karɓar magani ke nan har abada, kuma shin jaririn zai ɗauka ta nono?

Amsa

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba maijego lafiya, ya kuma mayar maka da abin da ka kashe. Zan fara da abin da na ga ya fi tayar maka da hankali. Jikin maiɗakinka bai daina karɓar magani ba. Ƙwayar da ta shiga ciwon ce ta daina jin wasu magunguna, kuma idan aka kawar da ita, gobe in wani ciwo ya zo da wata ƙwaya ta daban, magungunan da suka gaza yau suna iya yi mata aiki sarai.

Sitaf ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan'adam. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a cikin hancinsa, wasu kuma a hammata ko matsematsi ko bisa fata, suna harkokinsu lafiya ba su ma san tana nan ba. Muddin fata tana rufe, ba ta da hanyar shiga. Amma da zarar fata ta buɗe, ko da wuƙar likita, ko da ƙuna, ko da askar wanzami, ko da 'yar robar nan da ake sakawa a jijiya domin ƙarin ruwa, to ta samu ƙofa. Ita ce ke haddasa mafi yawan maruru da ƙuraje masu mugunya da muke gani a ƙauyukanmu, ita ce kan kumbura nonon mai shayarwa har ya tara ruwa, kuma idan ta kai ga jini tana iya sauka a ƙashi ko gaɓa ko huhu ko zuciya. Wani likitan tiyata a garin Aberdeen na ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Ogston ne ya bayyana ta a 1880, bayan ya duba mugunyar marasa lafiya a madubin likita ya ga ƙwayoyin sun cure wuri ɗaya kamar nonon inabi, daga nan ne ma sunanta ya samo asali.

Labarin yadda ta zama gagara-badau yana da amfani a gare ka, domin shi zai nuna maka inda kuɗin awakinka suka tafi. A 1928 wani masani mai suna Alexander Fleming yana renon wannan ƙwaya a ɗakin bincikensa a Landan, sai ya lura cewa wata fumfuna da ta faɗa cikin farantin ta kashe ƙwayoyin da ke kewaye da ita. Daga nan aka samu fenisilin, wanda a shekarun 1940 ya ceci dubban mutanen da a da ciwon rauni kan kashe su. Shi kansa Fleming, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa wanda ya sha maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Ba a je ko'ina ba maganarsa ta tabbata, domin kafin ƙarshen shekarun 1950 mafi yawan sitaf da ke asibitocin Turai da Amurka sun daina jin fenisilin. Sun riƙa fitar da wani sinadari da ke datse maganin kamar almakashi kafin ya iso gare su. Masana suka ƙera metisilin a 1959, wanda wannan almakashi ba ya iya datsewa, amma a 1961 wata masaniya a Ingila mai suna Patricia Jevons ta ba da rahoton sitaf da metisilin ma ba ya kashewa. Haruffan nan huɗu da ka gani a takarda, MRSA, ma'anarsu ke nan, sitaf mai bijire wa metisilin.

Ga yadda bijirewar take. Kowace ƙwayar sitaf tana kewaye da katanga, kuma tana da magini a jikinta wanda kullum yake gina katangar yana yaɓe ta. Aikin fenisilin da danginsa shi ne su kama maginin su ɗaure shi, katanga ta tsage, ƙwaya ta fashe ta mutu. Ita MRSA ta samu wani ƙwayar gado da ake kira mecA, wanda ya ba ta magini na biyu da waɗannan magunguna ba sa iya kamawa. Su ɗaure na farkon, na biyun ya ci gaba da gini kamar ba a yi komai ba. Abin mamaki, a 2022 masu bincike sun nuna cewa wani nau'in MRSA ya wanzu a fatar bushiyar ƙasashen Turai tun wajen shekara 200 da suka wuce, saboda akwai fumfuna a jikin bushiyar mai fitar da sinadari irin na fenisilin. Wato dabarar tsohuwa ce a halitta, yawan amfani da magani ba bisa ƙa'ida ba ne ya share mata fage ta yaɗu a tsakaninmu.

Wannan shi ne dalilin da ya sa Ampiclox bai yi komai ba, allurar da ta biyo baya ita ma ta tashi a banza. Wadda aka fi yi a kemis da sunan allura mai ƙarfi ita ce seftiriyazon, kuma ita da Ampiclox da amoksisilin da Augmentin duk dangi ɗaya ne, duk maginin farko suke kamawa. Ko an yi mata guda hamsin sakamakon ɗaya ne. Ina roƙonka, Malam, da duk mai karanta wannan fili, mu daina auna magani da tsadarsa ko da zafin allurarsa. Seftiriyazon magani ne mai daraja wanda ke ceton yara daga sanƙarau da taifot, amma a gaban MRSA ba shi da maraba da ruwa, alhali kuwa wata ƙwayar magani mai araha tana iya kashe ta idan gwaji ya nuna tana jin ta. Abin tambaya shi ne wane magani ya dace da wace ƙwaya, kuma babu mai iya sanin haka da ido, ko likita ne, sai an kai mugunya ɗakin gwaji an rene ta kwana biyu zuwa uku an gwada ta da magunguna ɗaya bayan ɗaya.

Game da inda ta samo ta, hanyoyi uku ne. Tana iya fitowa daga fatarta ko hancinta ita kanta, tana iya samuwa a gida daga hannun mai wanke mata ciwo ko zanen da aka rufe shi da shi, tana kuma iya samuwa a asibiti, wanda shi ne matattarar MRSA a duk duniya. A asibiti ne masu buɗaɗɗen rauni suka taru wuri guda, a nan ne aka fi amfani da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka ƙwayoyin da suka saura a ɗakin kwanciya su ne masu taurin kai. Sitaf tana jure bushewa, tana iya yin kwanaki har makonni a ƙarfen gado, da zanen gado, da abin awon jini da ake ɗaurawa a dantse, da wayar hannu. Babbar motar da ke ɗaukarta daga gado zuwa gado ita ce hannun da ba a wanke ba, na likita ne ko na nas ko na mai jinya ko na ɗan dubiya. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitocinmu na karkara ya san yanayin: famfo ya yini babu ruwa, nas ɗaya tana duba ɗaki cike, masu jinya sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin gadaje, da la'asar kuma 'yan barka su cika ɗakin, kowa ya karɓi jariri, kowa ya dafa gado. Ruɓewar ɗinki tana faruwa har a asibitocin da suka fi kowane kayan aiki, don haka ba kowane lokaci ne take nufin sakaci ba, amma haƙƙinka ne kuma alheri ne ga matan da za a yi wa aiki nan gaba ka tabbatar sashen da aka yi mata aikin ya san sakamakon gwajin, domin idan mata da yawa suna dawowa da irin wannan ƙwaya, akwai abin da ya kamata a bincika.

Surukarka kuwa, ka yi mata bayani cikin girmamawa, domin ƙaunar 'yarta ce ta sa ta magana. An ga wannan ƙwaya a gwaji, an san sunanta, an san abin da ke kashe ta. A yi addu'a, a kuma bi magani. Rashin wankan jego ba ya jawo ta, hasali ma watsa tafasasshen ruwa da ganye a kan ɗinkin da bai haɗe ba yana ƙona naman da ke ƙoƙarin tsirowa. Kada a sa wa ciwon toka ko man shanu ko man goge baki, kada kuma a ɓare kafso a zazzage garinsa a ciki kamar yadda aka saba yi.

Likitan da ya buɗe ɗinkin ya yi daidai. Magani ba ya ratsa mugunyar da ta taru, dole sai an ba ta hanya ta fita, kuma sau da yawa fitar da ita shi ne rabin warkewa ko fiye. Irin wannan ciwo ana barinsa a buɗe ne ana wanke shi ana canza auduga, yana cikowa daga ƙasa zuwa sama, abin da kan ɗauki makonni, don haka kada ganinsa a buɗe ya firgita ku. Ka duba takardar gwajin, za ka ga jerin magunguna, wasu an sa musu harafin S, wasu R. Masu S su ne ƙwayar ke ji, masu R su ne ta bijire wa. Daga cikin masu S likita zai zaɓa, yana la'akari da cewa tana shayarwa, kuma a sha shi a kan lokaci har iyakar kwanakin da ya faɗa ko da ta ji sauƙi. Idan ƙwayar ta shiga jini, ana komawa ga irin su bankomaisin, wanda ake ɗurawa ta jijiya a hankali na tsawon awa guda ko fiye, ana sa ido a kan ƙoda, na aƙalla mako biyu, idan kuma ta kai ƙashi mako huɗu zuwa shida. Magani ne mai tsada da ba a cika samu ba sai a manyan asibitoci, kuma shi ma tun 2002 aka samu sitaf da ta bijire masa gaba ɗaya a jihar Michigan ta Amurka, ko da yake har yanzu irin wannan ba ta da yawa. Idan ta fara zazzaɓi mai zafi da rawar sanyi, ko numfashinta ya riƙa sauri, ko ta riƙa ruɗewa, ko jan ya riƙa faɗaɗa a cikinta, a nemi mota a tafi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

Jariri ya ci gaba da shan nono, domin nonon kariya ne a gare shi. Hanyar da zai iya ɗauka ita ce hannu, saboda haka ta wanke hannu da sabulu bayan ta taɓa ciwon da kuma kafin ta ɗauke shi, ciwon ya kasance a rufe, a ware mata soso da tawul da zannuwanta, a wanke su da ruwan zafi da sabulu a shanya a rana, audugar da aka cire kuma a ƙone ta. In kun ga ƙuraje masu ruwa a fatarsa, ko zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ku kai shi asibiti. Ka adana takardar gwajin nan da kyau, kuma duk lokacin da ta sake samun juna biyu ta nuna ta a wurin awo, ta kuma haihu a asibiti.

Ba ku kaɗai ba ne a wannan jarrabawa. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani, fiye da 100,000 daga cikinsu MRSA ce sanadi, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, wajen mutum 27 cikin kowane 100,000.

Tambaya ta biyu

Likita, barka da aiki. Ni matar aure ce daga wani ƙauye kusa da Rano a Jihar Kano. Shekarata huɗu da aure ban samu rabo ba. Sau uku ana yi mini gwajin mata a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, kullum sai a rubuta sitaf, a ce sanyi ne ya yi mini yawa. Ni da maigidana mun sha magunguna kala-kala, mun yi allurai, ga kuma na mai lasifika da ke zuwa ranar kasuwa yana cewa sitaf ce ke cinye mahaifa. Da farko ba na jin komai, amma yanzu ƙaiƙayi ya dame ni. Ko tawa ce irin wadda ba ta jin magani?

Amsa

'Yar'uwa, Allah ya ba ku zuriya mai albarka. Wasiƙarki ta taɓa ni, domin irinki suna da yawa, kuma ana cin kuɗinsu da wannan suna ba tare da tausayi ba. Sitaf ba ta cikin cututtukan da aka sani ana ɗauka ta hanyar kwanciyar aure, kuma ba ta cinye mahaifa. Tun da mazauniyar fata ce, abu ne mai sauƙi tsinken audugar da ake ɗibar gwaji da shi ya goge ta a hanya, ta tsiro a faranti, a rubuta sunanta a takarda. Ganin sunanta a gwajin mace da ba ta da zazzaɓi, ba ta da ƙurji, ba ta da ciwon mara, ba dalili ba ne na shan magani. Shi ya sa kika yi gwaji sau uku kika same ta sau uku, kuma ko sau goma kika yi mai yiwuwa ne ki same ta.

Ƙaiƙayin da ya zo daga baya, galibi magungunan ne suka jawo shi. A gaban mace akwai ƙwayoyi masu amfani da ke tsare wurin, idan aka yi ta kashe su sai fumfuna ta samu sarari ta yaɗu, ta kawo ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri. Wannan yana da nasa maganin mai sauƙi wanda ba na kashe bakteriya ba ne, sai ki je a duba ki a tabbatar.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da wannan shaye-shayen magani ke shukawa a jikinki da na maigidanki. Manoma sun san abin da ke faruwa idan aka yi ta fesa wa gona maganin ciyawa iri ɗaya, musamman idan an tsinka shi da ruwa don ya isa: ciyawa mai rauni ta mutu, mai tauri ta saura, ta samu fili ita kaɗai, ta zubar da iri, baɗi ita ce za ta cika gonar. Haka abin yake a fata da hanci da hanji. Duk zagayen magani da kika sha yana kashe ƙwayoyin da ke jin sa, ya bar wa masu bijirewa fili, kuma sitaf idan ta samu yanayi mai kyau tana ninka kanta cikin kimanin rabin awa. Ranar da Allah ya ba ki ciki, in haihuwa ta zo da aiki kamar ta matar mai tambaya ta farko, waɗannan ƙwayoyi da kika rena da kuɗinki su ne za su fi kusa da ɗinkin.

Ki dakatar da waɗannan magunguna, ki kuma bar na mai lasifika. Idan ma'aurata suka shekara guda suna tare babu ciki, lokacin bincike ya yi, ku kuwa kun shekara huɗu. Ku je tare ɓangaren likitan mata a babban asibiti, a duba ko ƙwai yana fita a kan lokaci, a duba ko bututun mahaifa a buɗe suke, shi kuma maigida a gwada maniyyinsa, domin a kusan rabin ma'auratan da ke fama da jinkirin haihuwa akwai hannun ɓangaren namiji a ciki. Gwajinsa ya fi naki sauƙi da araha, kuma babu abin kunya a cikinsa.

Tambaya ta uku

Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a ƙaramar hukumar Ɓaɓura. Ba mu da famfo, ba mu da ɗakin gwaji. Ina ganin maruru da gyambo da ba sa jin magungunan da muka saba bayarwa. Idan na hana mutum allura sai ya yi fushi ya tafi kemis. Me ƙaramin ma'aikaci irina zai iya yi?

Amsa

Abokin aiki, sannu da ƙoƙari. Abin da ke hannunka ya fi yadda kake zato, kuma mafi girmansa hannun naka ne. A Ingila, farkon shekarun 2000, ana samun sama da mutum 7,000 a shekara da MRSA ta shiga jininsu, amma cikin kimanin shekara goma adadin ya sauko ƙasa da 1,000. Ba wani sabon magani ne ya yi wannan aiki ba. Sun sa ruwan goge hannu a bakin kowane gado, sun kula da yadda ake sa robar jijiya da lokacin cire ta, sun ware masu ɗauke da ƙwayar, sun kuma tilasta wa kowane asibiti ya ƙirga ya bayyana adadinsa.

Rashin famfo ba ya hana wanke hannu. Bokiti mai murfi da aka sa wa kan famfo, irin wanda ya yaɗu lokacin Ebola a 2014 da korona a 2020, da sabulu da roba a ƙasa, ya isa a fara da shi, kuma kwamitin lafiya na mazaɓarku zai iya ɗaukar nauyin mai kawo ruwa idan ka nuna musu dalili. Wankin sabulu yana buƙatar daƙiƙa 40 zuwa 60, ruwan goge hannu mai sifirit kuma 20 zuwa 30, kuma yana kashe MRSA kamar yadda yake kashe kowace sitaf, domin bijire wa magani bai ba ta kariya daga sifirit ko sabulu ba. Na san wasu suna ƙyamarsa saboda sunan sinadarin, wato alkohol, amma ba abin sha ba ne, kuma asibitocin ƙasashen Musulmi har da Saudiyya da shi suke aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade lokuta biyar: kafin ka taɓa marar lafiya, kafin aikin da ke buƙatar tsafta kamar allura ko wankin ciwo, bayan ka taɓa jini ko mugunya, bayan ka taɓa shi, da bayan ka taɓa gadonsa ko kayansa. Safar hannu ɗaya da aka wanke wa mutum biyar ciwo da ita ta kare kai kaɗai ne, su biyar ɗin kuwa ta raba musu abin da kowannensu ya zo da shi.

A kan maruru, idan ya nuna, fasa shi da tsaftataccen kayan aiki a fitar da mugunya shi ne ainihin maganin, kuma ƙarami a jikin mai ƙoshin lafiya sau da yawa yana warkewa da wannan kaɗai. Amma wanda ke fuska, ko a jikin jariri, ko mai ciwon suga, ko mai amosanin jini da ke kukan ƙashi da zazzaɓi, ko ciwon da ya yi kwana biyu zuwa uku a kan magani yana ƙaruwa, kada ka canza masa allura kana gwaji, ka tura shi inda za a rene mugunyar, kamar manyan asibitocin Dutse da Birnin Kudu ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ka kuma rubuta a takardar turawa duk magungunan da ya sha da kwanakinsu, har da na kemis. A ɗakin haihuwa, ka dage a kan man kilohegzidin da aka amince da shi a Najeriya domin cibiya, ka gargaɗi iyaye kada ya kusanci ido, ka kuma hana al'adar ɗiga wa lafiyayyen jariri Ampiclox a baki da sunan wanke ciki, wadda ba ta da wani tushe a likitanci.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba magungunan kashe bakteriya gida uku: na yau da kullum da ake farawa da su, irin su amoksisilin da kilosasilin, sai waɗanda ake taka-tsantsan da su, inda seftiriyazon da bankomaisin suke, sai na ajiya irin su linezolid da ba a taɓawa sai komai ya gaza. A 2017 ɗin ce kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta jagoranci fitar da tsarin ƙasa na farko kan matsalar bijire wa magani, aka sabunta shi a 2024. Ka ga ke nan allurar da ake nema a wurinka saboda mura tana gida na biyu ne, ga shi mura ba ta ma jin maganin bakteriya ko kaɗan.

Mai fushin da ka hana allura, minti biyu na bayani da misalin gona yakan sauko da shi fiye da tsawa. Masu kemis kuwa, lasisinsu bai ba su damar yin allura ba, amma a ƙauyuka da yawa su ne ƙofar farko da marar lafiya ke ƙwanƙwasawa, don haka ni a ganina zama da su ya fi gaba da su amfani. Ka nemi maigari da liman su tara su, musamman a makon wayar da kai kan ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani da ake yi daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba kowace shekara, ku yi yarjejeniya cewa duk ciwo mai mugunya da duk maijegon da ɗinkinta ya kumbura za su turo maka, su kuma daina sayar da kafso biyu ko uku ga wanda kuɗinsa bai kai na cikakken magani ba.

Daga ƙarshe ka buɗe littafi na musamman, ka riƙa rubuta duk wanda aka yi wa ɗinki ko allura ko wankin ciwo a wurinku ya dawo da mugunya, da ranar da aka yi masa da ranar da ya dawo. Idan ka ga mutum uku cikin wata guda, ka sake duba yadda ake dafa almakashi da hantsaki, ka zubar da duk kwalbar allura da aka daɗe da buɗewa, ka wanke gadon wankin ciwo da ruwan bilic, sannan ka kai littafin ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku.